Hotunan da Suka Ɓace a Katin Memori: Wanne Ke Dawowa, Wanne Ba Ya Dawowa

A gundumomin Tasawa da Mayahi, waɗanda ke gabashin jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, mafi yawan hotunan da ake ɗauka a wannan zamani ba sa hawa takarda, domin suna zaune ne a cikin wani ɗan kati mai girman farcen yatsa da jama'a ke kira memori. A cikinsa ake samun hoton amarya ranar ƙunshi, da na jariri ranar suna, da hawan salla a ƙofar fadar sarkin Tasawa, da kokowar bayan kaka, da takardar haihuwa ko ta cinikin gona wadda aka ɗauka da waya saboda gudun ɓata, har da hoton ɗan'uwan da ya tafi cin rani Kano ko Agadas ko Libiya kuma ya daɗe bai waiwayo gida ba. Ranar da kyamara ko waya ta nuna cewa katin ya lalace, ko ta nemi a yi masa fomat, wato a share tsarinsa a kafa sabo, mai shi yakan ɗauka cewa komai ya tafi, alhali a yawancin lokuta hotunan suna nan daram a wannan sa'a, kuma abin da ake yi wa katin bayan nan ne ke ƙarasa su.

Fahimtar wannan tana buƙatar sanin abin da ke cikin katin. Injiniyan ƙasar Japan Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro irin wannan ma'ajiya a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980, sannan a 1999 kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka haɗu suka fito da katin SD da kyamarori ke amfani da shi, kafin ƙaninsa microSD, wanda ake sa wa waya, ya bayyana a 2005. Kowane kati yana da sassa biyu. Na farko shi ne ƙwayoyin ajiya masu ɗimbin yawa, waɗanda kowace ke riƙe ɗan cajin lantarki ko da an cire ta daga wuta, kuma yawan cajin ne ake karantawa a matsayin lambobin da suka haɗu suka zama hoto. Na biyu wata 'yar na'urar sarrafawa ce da ke tsakanin ƙwayoyin da kyamara, wadda ke yanke shawarar inda za a ajiye kowane abu, tana kuma rarraba aiki don kada wasu ƙwayoyin su gaji kafin wasu, tun da kowace tana da iyakar adadin rubutu da gogewar da za ta iya ɗauka.

A kan wannan ne ake ɗora tsarin fayil, wato rajistar da ke bayyana sunan kowane hoto, da girmansa, da wurin da ya fara da inda ya ci gaba. Katunan da ba su wuce giga 32 ba sukan zo da tsarin da ake kira FAT32, waɗanda suka wuce haka kuma da exFAT. Ana iya kwatanta al'amarin da sito a kasuwar hatsi, inda buhunan gero da wake ke jibge a ciki, littafin mai sito kuma yana nuna buhun wane ne a wane lungu: idan aka soke suna daga littafin, ko ma littafin ya yage gaba ɗaya, buhunan ba su motsa ba, sai dai an buɗe ƙofar kawo sabon kaya a wurinsu. Goge hoto a kyamara soke suna ne kawai, fomat na gaggawa kuma kawo sabon littafi ne mara rubutu, shi ya sa ake iya dawo da hotuna bayan duka biyun muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba.

Daga nan ƙa'ida mafi muhimmanci ta fito, wadda ta fi duk wata manhaja amfani: da zarar an ga alamar matsala, a kashe na'urar, a cire katin, kada a sake ɗaukar ko da hoto ɗaya a kansa. Faɗin haka yana da sauƙi, aikata shi ne ke da wuya ga mai hoton da aka ɗauko daga Mayahi zuwa biki a wani ƙauye na Kanambakashe ko Isawan, wanda kati ɗaya ke gare shi, ga dangin ango suna jira, ga kuma kyamara tana cewa ta amince ta ci gaba da aiki idan aka yi fomat. Idan ya amsa mata, ya kuma ɗauki hotuna ɗari biyu na yinin biki, to hotunan ɗaurin aure na safe ne ake binnewa ɗaya bayan ɗaya. Haka abin yake ga mai wayar da ya yanke ƙauna ya kai katinsa wurin masu tura finafinai da waƙoƙi da wa'azi a bakin tasha, domin fim guda yana iya cinye wurin ɗaruruwan hotuna, kuma abin da aka rubuta wani abu a kansa babu ƙwararren da zai dawo da shi a ko'ina a duniya. Wannan ce asarar da ta fi ciwo, saboda ba lalacewar katin ce ta jawo ta ba.

Lalacewar da aka fi gani ita ce ta rajista, kuma tana faruwa ne idan aka katse rubutu a tsakiya, ko ta hanyar zare katin kyamara tana cikin ajiye hoto, ko batir ya mutu, ko wuta ta ɗauke kwamfutar shagon hoto tana cikin kwafa. Wannan na ƙarshen ba baƙon abu ba ne a yankin, domin babban kaso na lantarkin jihohin Maraɗi da Damagaram yana shigowa ne daga Katsina ta layin da ya bi ta Gazawa, kuma lokacin da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, har zuwa dawo da ita a Maris na 2024, masu sana'ar da ke dogaro da kwamfuta sun koma ga janareta da hasken rana. Ƙauyuka da dama kuwa dama can ba su san wata wuta ba sai ta mai cajin waya. Akwai kuma ɗabi'ar yawo da kati ɗaya daga wannan waya zuwa waccan, daga waya zuwa rediyo mai karɓar memori, daga nan zuwa kyamara, alhali kowace na'ura tana taɓa rajistar ta hanyarta, kuma ba duka ke yin hakan da tsabta ba.

Wata matsalar da ta yi kama da ɓacewa, amma ba ɓacewa ba ce, ita ce ta ƙwayar cutar kwamfuta da ke yaɗuwa ta shagunan tura finafinai da na buga takardu, wadda ke ɓoye foldodin gaskiya ta ajiye gumakan bogi masu sunansu a madadinsu. Alamar gane ta ita ce kwamfuta ta nuna cewa katin a cike yake alhali ba a ganin komai a ciki. Maganinta kawai a umarci kwamfuta mai tsabta ta bayyana ɓoyayyun fayiloli, a nemo foldar DCIM inda kyamarori da wayoyi ke zuba hotuna, a kwashe su, ba tare da an taɓa gumakan bogin ba. Katuna da yawa sun sha fomat a kan wannan 'yar matsala.

Kafin a yanke hukunci a kan kati, ya kamata a tabbatar cewa laifin nasa ne. Ƙurar hunturu da gumin bazara suna taruwa a kan 'yan haƙoran zinariya da ke bayansa, kuma goge su a hankali da ƙyalle mai laushi da ɗigon barasar asibiti yakan wadatar, amma ba da yawu ko wuƙa ko allura ba. Sau da yawa kuma gidan robar da ake zura ƙaramin kati a ciki don ya shiga kyamara ne ya lalace, ko na'urar karanta kati mai arha, saboda haka sai a gwada wata. Katin da ya faɗa ruwa, ko aka wanke shi a aljihun riga, galibi yana rayuwa idan aka ɗauraye shi da ruwa mai tsabta aka bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a sa masa wuta. Babban katin SD yana da ɗan makulli a gefensa wanda idan aka ja shi ƙasa na'ura za ta daina rubutu a kansa, kuma jan sa shi ne abu na farko da mai gyara ya kamata ya yi.

Idan kwamfuta ta ga katin kuma ta nuna girmansa daidai, ko da ta kasa buɗe shi, to akwai kyakkyawan fata. Ƙwararru ba sa fara aiki a kan katin kansa, sai sun ɗauki kwafinsa baki ɗaya, tun daga farko har ƙarshe, har da wuraren da rajista ke cewa babu komai, su ajiye a kwamfuta a matsayin fayil guda, sannan su yi bincikensu a kan kwafin. Hikimar ita ce katin da ya fara gazawa yana iya mutuwa a kowane karatu, don haka gara a karanta shi sau ɗaya tak. Manhajar ddrescue, wadda kyauta ce, an gina ta ne domin wannan aiki, tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya sannan ta dawo ta lallaɓa masu wuya. Abin da ya kamata a guje masa a wannan mataki shi ne amsa tayin da Windows ke yi na gyara katin, domin wannan gyara yana sake rubuta rajistar ne don katin ya koma aiki, bai damu da hotunan ba, kuma garin neman gira ana iya rasa ido.

Bayan kwafi sai tono. Kowane hoto na nau'in JPEG, wanda shi ne nau'in da kusan duk wayoyi da kyamarori ke fitarwa, yana farawa da wata alama tabbatacciya da ake rubutawa FF D8, yana kuma ƙarewa da FF D9. Manhajar PhotoRec, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kuma ya bayar kyauta tare da 'yar'uwarta TestDisk, ba ta kula da rajista ko kaɗan, tana bin ma'ajiyar ne daki-daki tana neman irin waɗannan alamomi, duk inda ta ga mafari sai ta bi shi zuwa ƙarshe ta fitar da hoton. Tana gane ɗaruruwan nau'o'in fayil, ba ta da nauyi, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, abin da ya sa ta dace ƙwarai da shagon gyaran waya a Tasawa ko Maijirgi ko Korgom. Akwai kuma Recuva, wadda ta fi sauƙin sarrafawa ga wanda bai saba ba, musamman idan gogewa ce kawai aka yi bisa kuskure. Ko wacce aka zaɓa, dole ne a zuba hotunan da aka tono a wani wuri dabam, domin mayar da su kan katin da ake tonowa yana nufin kowane hoto da aka ceto zai danne wani da ba a kai gare shi ba.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma adalci ne mai gyara ya faɗa wa mai kati tun kafin a yi ciniki. Sunayen hotuna da tsarin foldodi ba sa dawowa, ko da yake ranar ɗauka da samfurin kyamara sukan tsira, saboda suna rubuce a cikin hoton kansa a wani sashe da ake kira Exif. Hoton da aka ajiye a gutsuttsure a wurare daban-daban, abin da ke yawan faruwa a katin da aka daɗe ana gogewa ana ƙarawa, yakan fito rabinsa lafiya rabinsa toka-toka, kuma bidiyo ya fi hoto faɗawa cikin wannan saboda girmansa. Wani lokaci abin da ke fitowa 'yan ƙananan hotunan leƙe ne da waya ke yi don nunawa a jere, waɗanda ba su isa a wanke su a takarda ba. Cikakken fomat na Windows, wanda ke bin katin yana rubuta sifili a ko'ina, ba ya barin komai, haka ma wasu kyamarori da ke ba na'urar sarrafawa umarnin share ƙwayoyin kai tsaye. Sannan tun daga Android 6 na shekarar 2015, waya tana iya mayar da kati wani ɓangare na ma'ajiyarta ta ciki, ta kulle shi da mabuɗin sirri da ke zaune a cikin wayar, ta yadda idan wayar ta mutu ko aka mayar da ita sabuwa, abin da ke katin ya zama tarkacen lambobi da ba mai iya karantawa.

Akwai wani nau'in kati da ya cancanci dogon bayani, domin ya fi ƙura da zafi cutar da talaka, shi ne katin jabu. Masu haɗa shi sukan ɗauki ma'ajiya ƙarama, misali mai giga 8, su sauya bayanan na'urar sarrafawarta ta riƙa shaida wa waya cewa giga 64 ko 128 ce, su buga sunan sanannen kamfani a jiki, su sayar da arha. Katin yakan yi aiki lafiya na makonni ko watanni, har ranar da aka cika gigoginsa na gaskiya, daga nan sai sababbin hotuna su riƙa tafiya inda babu wuri, ko su koma su danne na farko, alhali rajista tana ci gaba da jera sunayensu kamar komai lafiya. Mai shi ba ya ganewa sai ranar da ya buɗe hoto ya ga baƙi. A nan babu abin da za a tono, tun da hoton bai taɓa sauka a ko'ina ba, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi da alkawarin dawo da shi ya ci haram. Ɗan tireda da ya sayar da katin a kasuwar ƙauye sau da yawa shi ma bai sani ba, domin kayan sun bi hannu da yawa kafin su iso gare shi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: manhajojin H2testw da F3, dukansu kyauta, suna cika sabon kati da bayanai su sake karanta su, su faɗi girmansa na gaskiya. Da masu shagunan waya na Tasawa da Mayahi za su mayar da wannan gwaji al'ada a gaban mai saye, da sun yi wa garuruwansu hidimar da ta fi duk wani tono.

Katin da kwamfuta ba ta gani sam, ko wanda ke zafi da zarar an sa shi, ko wanda ya tsage, ya wuce ƙarfin manhaja. A ƙaramin kati ƙwayoyin ajiya da na'urar sarrafawa a dunƙule suke cikin roba guda, don haka sai an kankare bayansa a ɗakin gwaji, an haɗa wayoyi masu sirantar gashi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, an karanto lambobin a hargitse, sannan a sake jera su, aikin da ke buƙatar kayan aiki irin su PC-3000 Flash na kamfanin ACE Lab, kuma kuɗinsa ya ninka na katin sau da yawa. Idan tsagewar ta ratsa ƙwayoyin kansu, magana ta ƙare. Amma katin da ya ƙi karɓar sabon abu alhali yana buɗe tsofaffi, na'urar sarrafawarsa ce ta kulle shi da gangan saboda ta ga ya kusa ƙarewa, kuma abin yi shi ne a kwashe komai a ranar.

Ko katin da bai taɓa samun matsala ba, ba wurin ajiyar shekaru ba ne, domin cajin da ke cikin ƙwayoyin yana zurarewa sannu a hankali, zafi kuma yana hanzarta zurarewar. Kamfanoni sukan rubuta cewa katunansu suna aiki har a zafin digiri 85, amma wannan magana ce ta aiki, ba ta daɗewar ajiya ba, kuma a yankin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, katin da aka jefa cikin akwatin ƙarfe a ɗakin kwano yana tsufa da wuri. Bayanin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya rubuta game da Tasawa bayan ya sauka garin a watan Janairu na 1851 yana nan ana karanta shi, saboda an buga shi an kuma yawaita kwafinsa, kuma yawaita kwafi ne kaɗai abin da zai tsare hotunan yau. Tura hoto ga ɗan'uwa ta WhatsApp kwafi ne, ko da yake manhajar tana rage ingancinsa sai dai in an tura shi a matsayin takarda. Google yana ba kowane mai asusu giga 15 kyauta, amma ɗora hotuna yana cin kuɗin intanet, kuma asusun da aka manta kalmar sirrinsa ya zama nasa da ba nasa ba. Tura hotuna kai tsaye daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth ba ya cin ko dala, sannan hotuna goma ko ashirin da suka fi daraja a gida sun cancanci a wanke su a takarda. Ga mai hoto na sana'a, ƙananan katuna uku sun fi babba guda, kuma bai kamata ya yi wa kati fomat ba sai hotunan sun sauka a wurare biyu.

Saura batun amana, wanda ya fi duk abin da aka ambata nauyi. Manhajar tono ba ta zaɓe, tana fito da duk abin da ta samu, har da hotunan da mai katin ya goge da gangan shekaru da suka wuce, da hotunan matan gida a cikin ɗakunansu, da takardun asibiti da na bashi. A garuruwan da kowa ya san kowa, hoto guda da ya fita daga kwamfutar mai gyara yana iya kashe aure ko ya zubar da mutuncin yarinya, saboda haka hakkin mai kati ne ya zauna a yi aikin a gabansa, ya karɓi hotunansa, ya kuma ga an share kwafin da aka ɗauka daga kwamfutar shagon, kuma mace tana da hakkin ta zo da wanda ta yarda da shi ko ta nemi a juya allon ya fuskance ta ita kaɗai. Haka nan wanda zai sayar da waya, ko ya ba wani kyautar tsohon kati, ya sani cewa gogewa da fomat na gaggawa ba su share komai ba, sai ya yi masa cikakken fomat a kwamfuta, ko ya cika shi maƙil da bidiyon da ba shi da amfani sannan ya goge. Katin da ya mutu kuwa, wanda ba za a kai shi ɗakin gwaji ba, a karya shi gida biyu da filaya kafin a jefar.